Gardamar Mutinta da Lubasi

Malama Mutinta Hamaundu 'yar makiyaya ce daga kudancin Zambiya, amma karatu ya kai ta Lusaka, ta ƙare tana koyar da ilimin ƙwayar zarra a jami'a. Gajeriyar mace ce mai tsiwa, ba ta iya lallashi ba.

Darasinta na farko bai taɓa canzawa ba. A harba ƙwayar lantarki ɗaya tal zuwa bango mai kafa biyu. In ba a auna ta ba, sai ta yi kamar ta bi kafofin duka biyu lokaci guda. In aka auna, a ɗaya za a same ta. Lissafin daidai yake, kowa ya yarda. Ma'anarsa ce ta raba kan masana.

Ita Mutinta tana cikin masu cewa kafin awo ƙwayar ba ta da takamaiman wuri, awon ne ke tilasta mata tsayawa a ɗaya. Abokin ofishinta kuwa, Malam Lubasi Sitali, ya kafe cewa duka biyun suna faruwa: duniya ce ke rabuwa, a wannan ƙwayar ta bi dama, a waccan ta bi hagu. Ita 'yar ƙabilar Tonga, shi ɗan Lozi, mazauna bakin kogi, abokan wasa tun kaka da kakanni, don haka gardamar ba ta da linzami.

"Ke da kika tashi a gindin saniya, me kika sani ban da nono?" in ji shi.

"Kai masunci, gidanka ɗaya ruwa na cinye shi duk damina, ba dole ka nemi duniya dubu ba?"

Ƙarshen kowane zangon karatu a gaban ɗalibai suke yin ta, aji ya cika har bakin taga.

Ana saura kaɗan Lubasi ya yi ritaya, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya rayu, amma baki ya ɗauke. Likita ya ce in ba a yi ta jan sa da magana ba, harshen na iya tafiya ke nan. Masu dubiya suka yi ta zuwa da "sannu, sannu" kamar masu rarrashin jariri, shi kuma ya kau da kai. Mutinta ma haka ta yi da farko. Takan kawo ayaba ta zauna kamar baƙuwa, ta koma ofis shirun ya dame ta. Ta yi kewarsa ƙwarai.

Ranar darasin ƙarshe ita kaɗai ta tsaya, ta faɗi ra'ayinta, ta faɗi nasa ba tare da ta rage komai ba. Daga aji ta wuce gidansa. Yana zaune a baranda, tuwon masara da ƙananan kifi a gabansa bai taɓa ba, matarsa Namakau na gefe.

"Masunci, yau na koyar da ra'ayinka," in ji Mutinta. "Na ce wa yara kai ka ce mutum ke raba duniya da tunaninsa, ya zaɓi wadda ta yi masa ya koma can."

Wannan shi ne kuskuren da Lubasi ya fi tsana, ya sha kayar da ɗalibai a kansa. Hannunsa mai lafiya ya damƙe kujera.

"Yaya Mutinta, a bi shi a hankali mana," in ji Namakau.

"Na kuma gaya musu kafin ka kwanta ka gane gaskiya, ka dawo bayana."

Bakinsa ya karkace, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya yi ta kokawa da harshen, da ƙyar abin ya fito.

"Ƙar... ƙarya!"

Namakau ta dafe ƙirji ta fashe da kuka. Mutinta ma idonta ya kawo ruwa, amma ta ja kujera ta matso kusa da shi.

"To, in ƙarya ce kawo hujja. Ba inda za ni."