Malam Taɓa-Ɗaya, Mai Hannu a Baya

Kafin masu shara su gama da barandar sashen lissafi, Malam ya riga ya iso. Zai buɗe ɗakin kwamfuta, ya bi injinan yana kunnawa, ya ware waɗanda suka kwana da ciwo, sannan ya mai da hannayensa baya ya harɗe su. A nan za su wuni. Shekara da shekaru yana koya wa ɗaliban jami'a yadda ake ɗaukar matsalar duniya, ruwa ne ko yaɗuwar cuta ko cunkoson motoci, a zuba ta cikin allon lissafi na kwamfuta, wannan mai gida-gida da ake ɗaure kowane gida da ɗan'uwansa ta hanyar fomula. Ƙarshen zangon nan zai yi ritaya, kuma in aka biye masa ko sallama ba zai yi ba.

Ɗalibai na kiransa Taɓa-Ɗaya, a bayan idonsa dai. In ka gama aiki kana hura hanci, sai ya tsaya a bayanka ya ce ka canza lamba ɗaya tak a sama. In gidajen ƙasa suka motsa, ka sha. In suka yi kunnen ƙashi, to ka cusa lamba da hannu inda ya kamata fomula ta zauna, kuma ba zai taɓa maka linzamin kwamfuta ba ko da za ka yi kukan jini. Wasu na cewa mugunta ce. Masu faɗar haka ba su ga ranar Maman Biyu ba.

Ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe. Ta taɓa faɗuwa a aikin bincikenta shekarar da ta haifi tagwaye, kuma dokar jami'a ba ta ba da dama ta uku. Aikin a kan tankin ruwan wani ƙaramin asibitin haihuwa ne, inda yayarta take ungozoma. Za a ƙara ɗakin kwanciya, ana son a san ko tankin zai kai su ƙarshen rani. Littafinta, an buga an ɗinke, ya ce zai kai.

Da safiyar ranar kare aiki, baƙon farfesan da zai yi musu jarrabawa na shan shayi a ofishin shugaban sashe, Malam ya gifta ta bayan Maman Biyu a ɗakin kwamfuta. Ba shi ke duba aikinta ba, kwas ɗinsa kawai ta ɗauka, amma hali ba ya tafiya hutu. Ya ce ta ƙara yawan gadaje. Ta ƙara. Lambobin ruwa na makonnin farko suka motsa, daga tsakiyar rani zuwa ƙasa ko gezau.

Malam ya gane akwai kuskure a aikin. Ya san baƙon farfesa takarda yake karantawa, da wuya ya nemi a buɗe masa kwamfuta. Shugaban sashe, da labarin ya kai masa, ya ja Malam gefe ya ce a rufa wa baiwar Allah asiri mana, wa zai bincika?

"Ranka ya daɗe, farfesa ba zai bincika ba," in ji Malam. "Amma matan da za su haihu a can za su buɗe famfo."

Alfarma ɗaya ya roƙa, a mai da sunanta na ƙarshe. Ya dawo ya tsaya a bayanta. Ɗalibai na shiga suna fita, layi na raguwa.

"Malam, don Allah, gidan kawai za ka nuna mini."

Ya riga ya ga gidan. Mai kula da ɗakin kwamfuta ya shaida cewa hannun damansa ya damƙe na hagu har sai da farce ya bar shaida. Tausayi ya cika shi, ya kuma ji tsoron kada taurin kansa ya zama sanadin rasa digirin yarinyar nan. Duk da haka abin da ya ce shi ne, "'Yata, fara daga inda ya daina motsi, ki riƙa komawa baya."

Saura mutum ɗaya a gabanta ta gano. Wata rana fomula ta yi mata gardama, ta manna lambobin a bushe da niyyar ta dawo ta gyara, zazzaɓin yara ya ɗauke mata hankali. Ta ɗaura fomular, ta ja ta har ƙasa. Lambobi suka zube a idonta. Tankin ya ƙafe tun rani da sauransa, littafin da ke kan cinyarta ya zama ƙarya. Ta tambaye shi me za ta faɗa a ciki, ya ce abin da allon ya gaya mata.

Ta shiga. Kafin farfesa ya buɗe baki ta ce babin ƙarshe na aikinta kuskure ne, ta faɗi dalili. Shugaban sashe ya sunkuyar da kai. Farfesa ya ajiye biro, ya jawo kwamfutar, ya canza lamba da kansa. Gidajen ƙasa suka motsa. Ya canza wata, nan ma suka motsa har ƙasa. Sai ya ɗago ya tambaye ta wa ya gano kuskuren, wa kuma ya gyara.

"Ni ce," in ji ta.

Farfesa ya ɗauki biro ya rubuta cewa ta ci, da sharaɗin ta sake babin ƙarshe. Asibitin kuwa sai da ya ƙara tanki kafin ya buɗe sabon ɗakin.

Malam, kai ne ka bar mata wannan kalmar. Da ka miƙa hannu sau ɗaya a ranar, da ba ta da bakin faɗinta. Kai ne ka yarda a kira ka mugu a baranda don ɗalibinka ya iya tsayawa shi kaɗai a gaban allo. Ba ka da lambar yabo a bango, ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, kuma wannan abin kunyarmu ne, ba naka ba.

Mun gode, Taɓa-Ɗaya. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya saka maka da alheri. Ku kuma matasan malamai da za ku gaji ɗakin nan, ranar da ɗalibi ya dube ku da hawaye, amsar tana kan yatsanku, ku tuna inda Malam yake ajiye hannunsa.