Malam Jibrin Albarka da Littattafan Rashanci

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Jibrin a garin Gwandu a shekarar 1961, ɗa ga Malam Albarka maɗinki da Malama Huseina. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kammala firamare, ya sami shaidar malanta a 1981 da difloma ta aikin laburare a 1987, sannan ya auri Rahmatu, mutuniyar Ceberu, a 1989.

Aiki

A 2004 wata makarantar jinya mai zaman kanta a Kalgo ta ɗauke shi aiki, inda wajibinsa shi ne ya duba kowane littafi, ya rubuta masa taken fanninsa a kati, domin mai nema ya samu. A 2009 iyalan wani likita da ya yi karatu a Rasha suka yi wa makarantar waƙafin littattafansa, dukkansu da Rashanci, harshen da ko baƙi ɗaya babu mai ganewa a Kalgo. Malam ya bi hotuna: duk inda ya ga mahaifa da ɗan tayi, sai ya rubuta Haihuwa. Da waɗannan aka cika adadin littattafan haihuwa da hukumar tantancewa ta sharɗanta, aka buɗe sashen ungozoma.

Shekarun Ruɗani

A 2016, lokacin da 'yarsa Binta take ajin farko a sashen, wani baƙon likitan dabbobi mai jin Rashanci ya leƙa laburaren, ya shaida wa Malam cewa akasarin littattafan Rashancin nan bayanin haihuwar shanu ne da goɗiya. Nan fa Malam ya rasa tudun dafawa. In ya gyara taken, adadi ya gaza, a rufe sashen. In ya bari, ƙarya tana zaune a katinsa da rubutun hannunsa. Ya tambayi malamai, wani ya ce amana, wani ya ce maslaha, ya dawo a ruɗe fiye da yadda ya tafi. Yakan ciro katunan da safe, kafin azahar ya mayar. Haka ya yi ritaya a 2021 bai yanke hukunci ba.

Rasuwa

Ya rasu a Gwandu a watan Rajab na 2023, aka yi jana'izarsa bayan la'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar Rahmatu da 'ya'ya huɗu: Abdulrahman, Zubair, Halima Sadiya, da Binta, ungozoma a Diggi, wadda take karɓar haihuwa da shaidar sashen nan. Katunan suna nan yadda ya bar su. Allah Ya yi masa rahama.