Dambun Da Aka Juye A Kogin Nilu

Baba ne ya ɗora min aikin ta waya. Ƙanwata tana zaune a wurinmu a unguwar Hayyin Ashir, nan ƙasar Larabawa, tana karatu, sai wani ɗan garinmu mai karatun digiri na biyu ya fito neman aurenta. Baba ya ce tunda ni ce a kusa, in dube shi da kyau kafin a ba shi.

Saurayin da kansa ya zaɓi inda za a dube shi. Ya ɗauki hayar faluka, irin jirgin nan na Nilu mai tafiya da iska, wai zai nuna mana kamun kifin Turawa. A bidiyon waya ya koya. Sanda ce doguwa siririya, da zare mai kauri ruwan lemo, da ƙugiya da aka ɗaura wa gashin tsuntsu don kifi ya ɗauka ƙwaro ne. Mai fatsa yakan janyo zaren da hannu ya tara shi a gabansa, sannan ya kaɗa sandar ya wurga. Tun a bakin ruwa yake karanta mana wannan, kamar mu muka roƙa.

Kuma da yake ganin surukai ya zo, sai ya ci ado da babbar riga ta shadda, ta sha sitaci har tana ƙara. Ina ganinsa na taɓa maigidana, shi kuma ya kau da kai don kada dariya ta ƙwace masa.

Ƙanwata kuwa tun bayan asuba take kicin. Dambun shinkafa ta yi da busasshen zogalen da Mama ta aiko mana, wanda nake ta lallaɓawa ina tsakura. Ta ce ranar ta musamman ce, na bar mata ta juye duka. Ta zuba a babbar roba mai murfi, ta rungumo ta tun daga gida har cikin jirgi.

Muna kaiwa tsakiyar ruwa gwani ya miƙe. Wurgin farko, zaren ya shige hannun rigarsa. Na biyu, ya naɗe takalman da muka cire muka jera a ƙasa. Daga nan ba abin da bai kama ba: kan ƙusa, igiyar jirgi, butar alwala, har carbin maigidana. Duk sanda ya sarƙe, ƙanwata ce ke durƙusawa ta warware, shi yana tsaye yana kallon ruwa da fuskar manya.

Can sai ya tuna cewa Baturen bidiyon yana ɗaura kwando a ƙugu, zaren na taruwa a ciki. Ya waiga hagu da dama, idonsa ya sauka a kan robar dambu.

"Yaya, afuwan, robar nan nake so," in ji shi.

Kafin in buɗe baki ya cire murfi ya kife ta a gefen jirgi. Dambun ya bazu a kan ruwa, zogalen Mama na yawo. Ko ɗanɗanawa bai yi ba.

"Ma'alish, ba komai, ai zai ma jawo mana kifi," ya ce. "In mun sauka sai mu ci a gidan abinci, khalas, shi ke nan."

Tsohon da ke tuƙa jirgin ya yi salati a hankali. Na dubi ƙanwata. Murmushi take yi, irin na wanda aka taka wa ƙafa a gaban baƙi. A nan na raina mutumin nan, rainin da har yau bai ragu ba.

Ya ɗaure robar a cikinsa da igiya, a kan babbar rigar, ya koma kamar mai tallar goro a tasha. Gaskiya dabarar ta yi aiki, zaren ya daina sarƙewa na ɗan lokaci. Da iska ta sake kwaso shi ta zubar, ko waiwayowa bai yi ba.

"Ke, ɗaga ƙafarki mana! Yalla, yi sauri, warware min."

Ta warware. Abin da ya kama a ranar, baƙar leda ce guda ɗaya.

Da muka koma gida na kira Baba na zayyana masa komai, na ce ni ban yarda ba. Ya yi dariya har da tari.

"Haba 'yar nan, a kan dambu za a fasa aure? Yaro yana salla, yana da ilimi, ya san girman manya."

Ƙanwata ma ta yi fushi da ni, ta ce ban taɓa son abin da take so ba. Aka ɗaura aure, suka koma gida Nijeriya. Na wanke robata na ci gaba da jiƙa wake a ciki.

Bara ta dawo gidan Baba da goyo da akwati, ta ce ko za a yanka ta ba za ta koma ba. Ba ta yi wa kowa dogon bayani ba. Da Baba ya kira ni, muka gaisa, ya tambayi yara da maigida.

"Wannan maganar dambun," ya ce, "sake ba ni ita daga farko."