Hannun Hagu na Rigar Baba

Uwar mijina saƙa ce sana'arta, amma abin da ya sa aka san ta a layinmu shi ne gyaran saƙar da wasu suka ɓata. Mai Ulu ake ce mata, mu kuma a gida Mama. Tana zama a baranda kan wata kujerar roba da ƙafarta ɗaya ta sha ɗauri da waya, kwandon ulu a gefenta na dama, tsinkayen saƙa a cikin tsohon gwangwanin madara. Baba, mijinta, tsohon makaniki ne da ya ajiye aiki. Shi aikinsa yanzu ya zauna kusa da ita da rediyo, idan ƙwallon ulu ya gangara ya tare shi da ƙafa.

Mata kan zo mata da rigar sanyin jariri da ta karkace, ko hula mai rami, suna ta ba da haƙuri kamar sun yi kisan kai. Mama ba ta warware aiki gaba ɗaya, ta ce wannan aikin masu fushi ne. Sai ta shafa saƙar da yatsa har ta kai inda zaren ya zame, ta saki wannan sahu ɗaya kaɗai ya sauka zuwa wurin, sannan ta sa kwarashi ta riƙa ɗauko shi layi bayan layi har sama. Tana yi tana tsiya.

"Ke da wa kuke faɗa a nan?" in ji ta ga matar mai kanti wata rana. "Dubi yadda kika shaƙe zaren. Daga nan zuwa nan kuma kun shirya, ga shi ya saki jiki."

Matar ta rufe baki tana dariya, don kuwa gaskiya ce.

A hannunta na koyi saƙa, shekara shida ke nan. Ni mai gaggawa ce, na sani, kuma ba na son a gyara min abu a gaban mutane. Amma Mama ta iya da ni. Ina son matar nan, ba kuma don ta haifi mijina ba kawai.

Bara idonta ya fara ba ta matsala. Likita ya ce ta rage aikin da ke gajiyar da ido, maigidana kuwa ya ɗauki maganar da zafi, irin na 'ya'yan da ke ganin sun girma. Ya ce min ranar da ya ga ta fara kuskure a saƙa, ranar zai kwashe tsinkayen ya kulle a akwati. Na ce masa ya kulle ta ita ma a ciki ya huta, don Mama ba tare da saƙa ba ban san me za ta zama ba. Ya ce shi dai ya faɗa.

A lokacin tana saƙa wa Baba rigar sanyi da ulu ruwan toka mai duhu. Wata safiya maigidana ya kai ta asibitin ido, Baba ya bi su, ni kuma na shiga ɗakinsu shara. Rigar tana kan gado, an gama, saura ɗinke gefe. Na ɗaga ta ina yabawa, na haɗa hannayen rigar biyu. Na hagu bai kai na dama ba. Na ƙirga layukan sau biyu, takwas ne babu.

Matar da ke gano kuskuren mutane da yatsa, ita ce ta manta layi takwas? Na zauna a bakin gadon, hawaye ya zo min. Sai kuma na ce ai kuka ba zai tsawaita hannun riga ba. Na ɗauko tsinkayenta, na warware bakin hannun, na ƙara layi takwas, na mayar da bakin yadda yake. Kafin su dawo na shimfiɗa rigar inda na same ta, har ina jin kaina wata gwana.

Da la'asar ina yankan albasa na ji ta kira ni daga baranda.

"'Yar nan, zo."

Na fito. Rigar tana kan cinyarta, yatsanta a kan wurin da na yi ƙarin. Maigidana yana tsaye a ƙofa da kofin ruwa.

"Wa ya taɓa min aiki?"

Na ce, "Wane aiki, Mama?"

"Kar ki mayar da ni yarinya. Wannan shaƙaƙƙen hannun naki ko a cikin duhu na san shi. Layi takwas, ga su nan a tsaye kamar sojoji."

Na kalli maigidana, na kalle ta. Ba yadda zan yi, na ce hannun ne na ga bai kai ba, na ce kada wani ya gani.

Sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta juya wajen Baba.

"Malam, tashi tsaye. Ajiye rediyon nan, ba gudu zai yi ba. Miƙo hannuwanka gaba."

Baba ya tashi yana gunaguni, ya miƙa su. Na hagu ya gaza na dama da kamar faɗin yatsa biyu. Shekara shida ina zuba wa mutumin nan abinci ban taɓa lura ba. Maigidana ma, da ya girma a gabansa, baki ya saki.

"Mota ce ta sauko masa a kan hannun a gareji, tun kafin a haife ka," in ji Mama ga ɗanta. "Ƙashin ya haɗe, amma ya ɗan ja baya. Duk rigar da na saƙa masa, na hagu sai na rage takwas. In ba haka ba hannun rigar ya riƙa shiga masa cikin shayi."

"Ni na zaci duk riguna haka suke zuwa daidai," in ji Baba, ya koma ya zauna.

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce ta yi haƙuri. Ta miƙo min rigar da tsinkaye.

"Haƙurin shi ne ki cire abin da kika sa. Zauna nan."

Na jawo tabarma na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na fara warwarewa. Maigidana ya shige ciki sumsum, bai sake maganar akwati ba, ranar ko bayanta. Baba ya ƙara muryar rediyo. Ina jan zaren yana fitowa a lanƙwashe, tana naɗe shi a yatsunta biyu. Raina ya yi sanyi ƙwarai, don dai idon Mama lafiyarsa lau, ni ce mai karambani.

Da na gama na mayar da bakin hannun, ta karɓa ta shafa, ta ce ba laifi, na ɗan saki zaren wannan karon. Sannan ta leƙa ƙofa ta ga ɗanta ba ya kusa. Ta juya rigar, ta kama hannuna ta ɗora yatsana a kusa da wuya.

"Nan wurin," ta ce a hankali. "Zare ɗaya ya zame min tun shekaranjiya. Yatsana yana jin sa, amma ulun ya yi duhu, na kasa ganin inda zan sa kwarashi. Kwana biyu ina juya shi."

Na duba. Yana nan kuwa, ɗan ƙaramin rami, layi biyar a ƙasa.

"Na gan shi, Mama."

"To ɗauko min shi. Daga yau in kin ga abu, ki zo ki faɗa min a fuskata, ni zan gaya miki wanda nake nufi da wanda ya kuɓuce min."

Ta zaro kwarashinta daga gwangwani ta sa min a hannu. Na matsa inda haske ya fi, ta riƙe min rigar da hannu biyu, na fara ɗauko zaren.