Askarin Hindawiyya

Ranar Arfa ta shekarar 1965, bayan la'asar, ina tsugune a tsakar gidanmu a unguwar Hindawiyya da ke Makka, ina riƙe wa yayata Hajo madubi tana zana gashin baki da baƙin tukunya. Babu namiji ko ɗaya a lungunmu. Baba da sauran maza sun bi alhazai Arfa da Mina suna dako, sun bar mana gari wayam, daga mu sai awaki da tantabaru. A irin waɗannan ranaku matan Makka ke yin wasan da suke kira Ges: su sa kayan maza, wannan ta zama sarki, waccan alƙali, su zaga unguwa da ganga da guɗa. A wannan shekara Hajo ta ce ita askari, wato ɗan sanda, za ta zama.

Ban taɓa ganin mai kwaikwayo irinta ba, kuma ba don 'yar'uwata ce na faɗa ba. In mun je ɗebo ruwa a bazan, wato famfon unguwa, sai ta ajiye garwa ta koma Bayamanen nan mai burodi, da ɗingishinsa da masifarsa, har mata su manta layi. Kawu Idi, ƙanin Inna, mai tasi zuwa Jidda, ya taɓa kawo mata kifi a naɗe cikin takardar mujalla, da hoton wata Baturiyar Ingila a jiki. Ya ce wannan mata sana'arta ke nan, tana wasa a dandali, tana fitowa a majigi, manya suna sayen kujera don su kalle ta. "Da can aka haife ki, Hajo, da kin ci abincinki da bakinki," in ji shi. Ta goge maiƙon, ta liƙa hoton a bango.

Da ta sa kaki ta ɗaura ɗamara, ni kaina da ƙyar na gane ta. Ta riga masu ganga shiga lungu, ta tsaya ƙofar Iya Dije, tsohuwa mai sayar da gyaɗa, ta buga langalangar da kulki, ta kumbura murya da Larabci: "Buɗe. Ina iƙama?" wato takardar izinin zama. Abin da muka manta shi ne, Iya Dije bara ta iso, da ƙafa, ta Cadi da Sudan, ta sauke farali ta zauna ba takarda. Ba ta san Ges ba. Askari kawai ta sani, da jirgin da ke mayar da mutane gida. Ta kama katangar baya za ta tsallake, ta faɗa kan duwatsu, ƙugu ya karye. Asibiti ba ya zuwuwa ga marar takarda, maɗorin unguwa kuma yana Mina. Kafin ya dawo, ƙafa ta riga ta tafi.

Inna ba ta daki Hajo ba. Kakin ta cusa a murhu, ta ɓamɓare hoton ta bi shi da shi, ta ce, "Daga yau bakinki na salla ne da gaisuwa." Hajo ta ɗauki tiren gyaɗar Iya Dije, ita ke soyawa, ita ke kaiwa kasuwar titin Mansur, ita ke yi wa tsohuwar wanka. Wata rana na kai musu kunu, na ji Iya Dije daga kan tabarma tana cewa, "Ja'ira, kin karya ni, kuma za ki bar ni da kaɗaici? Yi mini mai burodi." Hajo ta tura ƙofa, ta yi. Tsohuwa ta yi ta dariya tana riƙe ƙugu. Wannan ɗakin langalanga shi ne dandalinta, mai kallo ɗaya, har Allah ya karɓi ran Iya Dije. Daga nan Hajo ba ta sake kwaikwayo ba.

Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin manya na koyi karatu. Kwanan baya jikata ta nuna mini wata tsohuwar 'yar wasan Ingila a waya, kai fari fat, jama'a a tsaye suna tafa mata, na karanta rubutun ƙasan da kaina. Ko ita ce ta jikin takardar kifin, ban sani ba. Ges ya mutu, lungunmu ya zama titi, Hajo tana kwance a maƙabarta. Ni ce kaɗai na rage da na san wace ce aka binne.