Ɗacin Maganin Ido a Watan Azumi

An yi wa mahaifina aikin yanar ido a Tambuwal ana gab da azumi. Idon hagu ya daɗe da mutuwa, na daman ne kaɗai ya rage masa. Likita ya ba mu maganin ɗigawa, fari kamar madara, wanda sai an girgiza. Ya ce yana kwantar da kumburin cikin ido, a riƙa sawa a kai a kai cikin yini, kuma ba a yanke shi lokaci guda, ragewa ake yi a hankali. Na sa ya maimaita mini har ya gaji da ni.

Na goyo Baba a babur zuwa garinmu Kebbe, ina kauce wa kowane rami don kada aikin ya motsa.

Ranar da aka ɗauki azumi na ɗiga masa da hantsi. Ya haɗiye miyau, ya ɓata fuska.

"Wanga abu ya kai mani maƙoshi. Ɗacinai nika ji."

"Baba, ta ido fa ya shiga."

"Ta ido ko ta kunne, ya dai isa. Kai za ka rama mani?"

Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Limamin unguwarmu ya ce an yi wa marar lafiya rangwame, ya sha ya rama. Baba ya ce shi da ƙafarsa yake zuwa masallaci, ba shi cikin marasa lafiya. Sai bayan shan ruwa da lokacin sahur yake yarda in sa masa.

Idon ya fara ja, yana gudun haske. Kowace safiya nakan ɗaga fatar idon in duba, in ce wa kaina ya fi jiya.

Da muka koma Tambuwal, wata ma'aikaciyar jinya ta ji labarin. Ta ce akwai 'yar hanya daga ido zuwa hanci, in an danne gefen idon ta wajen hanci da yatsa, maganin ba ya sauka. Ta ɗiga, ta danne. Baba ya haɗiye miyau, ya jira.

"Babu ɗaci, ɗiyata," ya ce.

Likita ya haska idon ya daɗe, sannan ya ce kumburin ya riga ya yi ɓarna a ciki. Muka ci gaba da ɗigawa muna dannewa har bayan salla, ba mu tsallake ko sau ɗaya ba.

Yanzu inuwar mutum kawai Baba yake gani. Ni nake riƙe masa hannu zuwa masallaci, kuma bai taɓa tayar da maganar ba.