Saƙon da Bai Yi Sallama Ba

Ni dai tun ranar da maigidana ya sa mini manhajar nan a waya ban yarda da ita ba. Ya ce saboda hanya ce. Sai ka ba ta sunayen garuruwa, Anka, Gummi, Bukkuyum, duk wanda ya rubuta wani abu da sunayen a shafukan sada zumunta, ita za ta kwaso ta jefo maka kamar saƙo. Wai kafin mutum ya shiga mota ya san ko hanya lafiya. Na ce to, mun samu magulmaciya wadda ba ta gajiya.

Kuma ba ta ba ni kunya ba. Tallan atamfa, rigimar 'yan siyasa, hoton ambaliya da aka ce Gummi ce alhali ina zaune a Gummi ƙafata a bushe. Komai ta tsinta sai ta kawo, ba ta tambayar wa ya faɗa. Inna kuwa, da ke zaune wurinmu tun bayan rasuwar Baba, duk sanda wayar ta yi ƙara sai ta ce, "Wa ya aiko shi? In babu wanda ya aiko shi, ba saƙo ba ne."

Wata safiya Inna na tsakar gida tana ɗaure busasshen kifi da 'yar shinkafa, za a kai wa Kawu a Anka. Ƙaninta ne, shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Wayar ta yi ƙara, na duba. Sanarwar rasuwa ce, da sunan Kawu, da unguwarsu, da wani hoto dishi-dishi na dattijo da farar hula.

Haushi ya riga tsoro zuwa. Sunan nan kowane layi a Anka akwai mai shi. Farar hula kuwa wane tsoho ne ba ya sawa? Wanda ya rubuta ban san shi ba, hoton da ya sa a shafinsa ma na zaki ne. Na kira lambar Kawu, ba ta shiga. Na kira ta ɗansa, haka. Na ce sabis ne, ai ya saba ɗaukewa a can. Na ƙara girman hoton har ya koma tabo-tabo, ina neman shaidar cewa ba shi ba ne.

A wurinmu ba a jefa wa tsohuwa labarin mutuwa. Manya ake tasowa, su yi sallama, su zauna, a kawo ruwa, a gaisa, a yi ta kewaye da zancen haƙuri kafin a faɗa. Ni ce zan tsallake duk wannan da maganar wani mai hoton zaki? In ƙarya ce fa? In gaskiya ce kuma fa? Na kife wayar a kan tabarma.

"Mi anka ce?" in ji Inna.

"Shirme ne, Inna, irin nasu."

"To miƙo min igiya. Kawunki ba shi son kihi ya murmushe."

Na miƙa. Har na taya ta ja, ina zagin manhajar a zuci, ina roƙon Allah ya sa wannan ma irin ambaliyarta ce. Ban taɓa son a yi mini ƙarya kamar ranar ba.

Bayan azahar babur ya tsaya a ƙofar gida. Dattawa biyu ne daga Anka, da ƙurar hanya a rigunansu. Inna ta shimfiɗa musu tabarma da kanta, ta sa na kawo ruwa. Ta bar su suka yi gaisuwarsu har ƙarshe, ba ta katse su ba. Da suka faɗa, ta yi salati, ta daɗe tana kallon ƙullin kifin.

Sai da suka fita alwala ta juyo gare ni.

"Wanga abu naki ya riga su, ko?"

Na ce eh, Inna, amma ban yarda da shi ba.

"Ni tun hantsi na gani ga huskarki," ta ce. "Jira nikai mutane su zo su hwaɗa min."